Bindigar Kawu da Kifin Cikin Baho

Javorník, 12 ga Oktoba, 2003

Kawu Ota,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi wata biyar ba ta ga fuskarka ba. Yaya gwiwar? Kana shafa man da na aiko, ko har yanzu yana kan taga kana jira ya yi aiki daga can? Ni lafiyata ƙalau, sai mura da na ɗebo a gidan wata tsohuwa, ita ta warke ta bar ni da kayan. Ga kwalbar zuma nan tare da takardar, majinyatana ne suka ba ni.

Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ni ina ihu kai kana cewa layin ne ba kyau. Layi lafiyarsa lau, Kawu. Shekara talatin da ka yi kana koya wa mutane harbi ita ta cinye maka kunne. Don haka ka sa tabarau ka zauna, magana ce da ni.

Ranar Talata da rana tsaka ina saukowa daga ƙauyukan kan tudu, a hanyar dajin nan da ba ka gamuwa da kowa sai barewa, na tarar da mota ta gitta hanya. Maza biyu ne. Ɗaya ya ƙwanƙwasa gilashi yana murmushi ya ce, "Sista, kwantar da hankalinki, jakar nan muke so ba ke ba." Sun san ni, sun san allurar kashe zafin ciwo da nake kai wa masu ciwon daji. Na miƙa musu. Na biyun ya riƙe marfin motar ya daɗe yana kallona, sai da ɗan'uwansa ya ja shi. Ba su taɓa ni ba. 'Yan sanda suka zo suka rubuta komai da kyakkyawan rubutu, suka kuma gaya min cewa daga ofishinsu zuwa wurin minti arba'in ne, in babu dusar ƙanƙara.

Tun ranar nan tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Duk kwanar da zan sha a dajin sai na rage gudu ina leƙen gaba.

Wani asibiti a birnin Olomouc ya yi min tayin aiki, suna jiran amsata zuwa ƙarshen Janairu. Ɗumi, abokan aiki, mai gadi a ƙofa. Amma tsofaffi arba'in da ɗaya nake zagayawa a nan, kuma shekara biyu aka yi ana neman nas kafin a same ni. Ba na son tafiya. Abin da nake so shi ne in yi jarrabawa in karɓi lasisin ɗaukar bindiga a jiki don kare kai, ka koya min, ka kuma yarda da zuciya ɗaya. Na san doka ba ta ce sai da sa hannun kawu ba. Amma kai ka raine ni tun da Mama ta rasu, kuma wannan fanninka ne. In ka ce ban dace ba, ba zan ɗauka a bayan idonka ba, zan tattara in tafi Olomouc.

Taka,
Vendula

Písek, 24 ga Oktoba

Vendulka,

Takardarki ta zo, zumar ma ta zo, rabinta a kwalba rabinta a jikin takardar. Gwiwa tana nan tana mulki. Man yana aiki sosai, na shafa wa ƙyauren kicin ya daina kuka. Likita ya ce in rage gishiri, na ce masa shi ya rage magana.

Na karanta abin da ya same ki sau uku. A na ukun na fita na zagaya gari har gada ba tare da na san inda za ni ba. Da ina kusa da mutanen nan, to, gara da ba na kusa. Kin yi daidai da kika ba su jakar. Ko da bindiga uku a jikinki, abin da zan ce ki yi ke nan.

Amsata kuwa a'a ce, kuma ga dalili. Kin tuna Farfesa? Kirsimetin farko bayan rasuwar ƙanwata, kina shekara tara. Na sayo kifi mai rai kamar kowane gida, na zuba shi a baho ya yi kwana ukunsa kafin ranar yanka. Kika ga gashin bakinsa kika sa masa suna Farfesa, kina karanta masa littafin lissafi. Ranar jajibiri na nemi guduma sama da ƙasa, ashe tana cikin jakar makarantarki. Kika zauna a bakin bahon kika naɗe hannu kika ce, "Kawu, in za ka buga masa sai ka fara da ni." Muka ɗauke shi a bokiti har kogi, maƙwabta suna leƙenmu ta taga. Duk Písek an ci soyayyen kifi a ranar, mu muka ci haɗin dankali da ƙwai. Har yau kuma ban ga kin kashe ko gizo-gizo ba, a kofi kike fitar da su.

Bindiga ba laya ba ce da za a rataya a ji sanyi a rai. Ranar da kika zaro ta, ko dai kin shirya danna kunama a kan ɗan Adam mai uwa da uba, ko kuma kin kawo wa ɓarawo kyauta har hannu. Na koya wa ɗaruruwa, na san masu iyawa tun daga yadda suke tsayuwa. Ke mai ɗaure ciwo ce, 'yar nan, kuma ba aibi ba ne.

Ki nemi kare. Ki sayi feshin barkono. Ki riƙa sauya lokacin fita, ki kulle ƙofofin mota, in kin hango an tare hanya ki ja da baya tun daga nesa. Ni tun da aka fara ba farar hula izini nake ɗauke da tawa a ƙugu, ban taɓa zaro ta ba sai don goge ta.

Ga hoton Farfesa a bokiti na sa miki a ciki, ki kalla ki tuna ko ke wace ce.

Kawunki,
Otakar

Javorník, 9 ga Nuwamba

Kawu,

Gaisuwa da fatan ƙyauren kicin ya ci gaba da samun sauƙi. Mura ta tafi. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan tudu tun Laraba. Hoton Farfesa kuwa babu shi a ambulan, na zazzage har sau biyu. Ka duba ƙarƙashin kwalbar zuma.

Na bi shawararka ɗaya bayan ɗaya don kada ka ce na yi taurin kai. Na ari kare wajen wani manomi, ƙato kamar ɗan maraƙi. Ranar farko ya cinye bandeji biyu da burodin da na yi guzuri, rana ta biyu ya yi amai a kujera, rana ta uku wani baƙo ya tsayar da ni yana tambayar hanya, karen ya fitar da kai ta taga ya lashe masa fuska. Na mayar da shi da godiya. Feshin barkono kuma na gwada shi a bayan gida don in san yadda yake, iska ta juyo, na yi awa guda ina kuka a kan famfo. Yana aljihuna duk da haka. Lokacin fita ba ya sauyuwa, Kawu, mai ciwon sukari ba ya jiran ɓarayi su rikice kafin a yi masa allura.

Zancen ya riga ya zagaya ƙauyukan. Kaka Anežka, mai shekara tamanin da bakwai, ta jawo gatarin marigayi mijinta daga bayan murhu ta ce, "Ungo, Sista, wannan ba ya buƙatar jarrabawa." Tsoho Ferda kuwa ya ja bargo har wuya ya ce, "Ke da allura kaɗai ma ban tsira ba, ina ga an ƙara miki bindiga? In kin shigo da ita gidana, to ki bar ta a mota." Na ce masa barin ta a mota ai shi ne babban ganganci, ya ce to in bar kaina a motar. Amma da zan fita ya kamo hannuna ya tambaye ni a hankali ko gaskiya ne zan tafi Olomouc. Na gyara masa bargo na fita.

Yanzu bari in yi maka rashin kunya kaɗan. Kana ɗauke da bindiga a garin da ofishin 'yan sanda yake bayan gidanka, inda babban haɗarinka shi ne kekunan masu yawon buɗe ido. Ni da nake minti arba'in daga taimako ka ce in riƙe kare mai lasar baƙi. Ba jaka nake son karewa ba, su ɗauki goma. Idon mutumin nan na biyu nake tunawa, da abin da zai faru da ɗan'uwansa bai ja shi ba.

Na karɓo littafin tambayoyin jarrabawa, ina karantawa a mota lokacin cin abincin rana. Likita ya duba ni ya ba ni takardar lafiya. Sauran kai.

Taka mai taurin kai,
Vendula

Písek, 28 ga Nuwamba

Vendulka,

Ina lafiya, ina fata kina lafiya. Gwiwa ta san hunturu ya zo kafin gidan rediyo su sani. Likita ya ce in rage gishiri, na ce masa shi ya rage magana. Labarin karenki na karanta wa maƙwabciyata Hedvika, matar marigayi direban jirgin ƙasa, ta yi dariya har sai da ta cire haƙoranta na roba ta ajiye.

Hedvikar nan ta ɗaure ni da jijiyata. 'Ya'yanta sun yi mata gyaran gida, suka cire baho suka sa shawa irin ta zamani, ba wanda ya tuna da kifin Kirsimeti. Ta zo ta tsaya min a ƙofa ta ce, "Otakar, kai tuzuru ne, wanka sau nawa kake yi a mako da za ka hana ni bahonka na kwana uku?" Na ba ta makulli na ce ta kawo kifinta duk ranar da ta saya. Ni kuma za a biya ni da soyayyen yanki biyu.

Maganarki ta ofishin 'yan sanda ta shige ni, ba zan yi musu ba. Na kuma yarda cewa mace ita kaɗai a daji ta fi ni buƙata. Amma buƙata daban, iyawa daban. Jarrabawar nan za ki ci ta, ba na shakka. Tambayoyi hadda ce, kwance bindiga da haɗa ta aikin hannu ne, allon takarda kuma ba ya kallon mutum a ido. Abin da nake tsoro babu shi a cikin jarrabawa.

To ga tawa jarrabawar. Tunda kin ce kina bakin aiki ranakun bikin Kirsimeti ba za ki zo ba, ki sayi kifinki a can. Ki sa shi a baho kwana uku kamar kowa. Ranar jajibiri ki ɗauki guduma da hannunki, ba na manomi ba, ba na mai kifi ba, ki gama da shi. Ki ciro ɓawo ɗaya daga bayansa, irin wanda ake sawa ƙarƙashin faranti don sa'ar shekara, ki aiko min a ambulan. Ranar da ɓawon nan ya iso, na yarda, zan koya miki da kaina, kuma tsohuwar bindigata da kika sani za ta koma sunanki. In bai iso ba, kin ba kanki amsa, ba ni na ba ki ba.

Kada ki sa masa suna. Daga nan matsalar take farawa.

Kawunki,
Otakar

Javorník, 27 ga Disamba

Kawu,

Barka da biki. Ina fata ka ci kifin Hedvika lafiya. Ni lafiyata ƙalau, raina ne ba ƙalau ba, kuma gara ka ji shi da zafinsa.

Babu ɓawo a ambulan ɗin nan, kada ka wahalar da kanka da zazzagewa. Na sayi kifin a dandali, mai kifin ya tambaye ni ko ya buga masa a nan take, na ce a'a, da kaina zan yi, har da ɗaga kai. Ban sa masa suna ba. Kwana uku ina wanka da tawul a kicin. Ranar jajibiri na ɗora shi a katako, na rufe masa ido da tsumma kamar yadda kake yi, na ɗaga guduma. Sai ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Na mayar da shi ruwa. Na sake gwadawa bayan awa guda, haka. Daga ƙarshe na sa shi a bokiti na kai shi tafkin manomin nan mai kare, inda ruwa ba ya daskarewa duka. Na ci haɗin dankali da ƙwai, ina shekara talatin da huɗu.

Ka ci nasara, amma jarrabawarka ba ta da adalci. Kifin nan bai tare min hanya ba, bai riƙe marfin motata ba. Na riƙe hannun mutum goma sha ɗaya suna cikawa, na ɗinke ƙafar mai yankan katako a kan teburin kicin ɗinsa ina takawa cikin jini, hannuna bai yi rawa ba. Ban san abin da zan yi a gaban mugu ba, kai ma ba ka sani ba, tunda da bakinka ka ce ba ka taɓa zaro taka ba.

Kuma tunda zancen dacewa ake yi, kai wa ya yi maka jarrabawa kwanan nan? Ba ka jin ƙararrawar ƙofa. Ka ce ka sa hoto ba ka sa ba. Labarin likita da gishiri sau biyu ka ba ni kalma da kalma. Da majinyacina ne kai, da tuni na rubuta wani abu a katinka. Amma kai kake yawo da bindiga a ƙugu kana auna wasu.

Alkawari dai alkawari ne. Zan rubuta wa Olomouc.

Vendula

Písek, 5 ga Janairu, 2004

Takardarki ta zo. Ina lafiya. Kada ki kira, kada ki zo. Akwai abin da nake yi, in na gama zan rubuta.

O.

Javorník, 14 ga Janairu

Kawu Ota,

Ina gaishe ka, in har kana amsa gaisuwata. Katinka ya zo, layi biyu, babu Vendulka, babu gwiwa, babu ko zagin likita. Tun da nake ba ka taɓa sa hannu da harafi ɗaya ba. Na gane, kuma ni na jawo.

Ka yafe min abin da na rubuta. Cikin fushi na yi, gudumar tana kan tebur tana kallona. Mutumin da ya ɗauki bokiti har kogi don kada marainiya ta yi kuka bai cancanci in yi masa lissafin mantuwarsa ba. Kullum in na dawo aiki akwatin wasiƙa nake fara buɗewa kafin in cire takalmi.

Na rubuta takardar ajiye aiki da ta amsa wa Olomouc. Suna kan firij, na danne su da gwangwanin shayi, ranar talatin ga wata zan kai gidan waya. Na gaya wa Kaka Anežka. Ta juya ta fuskanci bango ta ce in yi allurar in tafi. Ferda ya ce dama ya san kowa tafiya yake yi.

Bindiga ta tafi da iska, Kawu, ban damu ba. Ka rubuto ko zagi ne.

Taka,
Vendulka

Písek, 22 ga Janairu

Vendulka, 'yata,

Ina gaishe ki da kyau. Gwiwa tana gaishe ki. Kada ki taɓa gwangwanin shayin nan sai kin kai ƙarshen takardata. Ba fushi nake da ke ba, kunya ce ta hana ni rubutu, kuma na so in gama abin da ya kamata kafin in buɗe baki.

Ranar ashirin da biyu ga Disamba na dawo daga gari da rana, na kishingiɗa a kujera da kayana a jiki, barci ya ɗauke ni. Ban ji buɗe ƙofa ba, kin san kunnen. Girgizar katakon ƙasa ce ta tashe ni. Na leƙa, ƙofar gida a buɗe, ga sawun takalmi jiƙe har banɗaki. A ciki ga mutum ya duƙa ya ba ni baya, da ƙaton kwat na ma'aikatan jirgin ƙasa da hula har kunne. Vendulka, a lokacin nan babu Hedvika a kaina, babu makulli, babu kifi. Fes, kamar ba a taɓa maganar ba. Na zaro bindigar daga ƙugu. Karo na farko a rayuwata na auna bayan ɗan Adam, taku uku tsakaninmu.

Abu ɗaya ne ya rage min, wanda na yi shekara talatin ina yi wa ɗalibai tsawa a kai: yatsa a waje, sai ka ga fuska. Yatsana yana miƙe a gefe, bai shiga wajen kunama ba. Na daka tsawa. Mutumin ya juyo, sai ga Hedvika cikin kwat ɗin mijinta, rungume da kifi kamar jariri.

Ta dubi bindigar, ta dube ni, ta ce, "Otakar, in ba ka son ba da bahon ai sai ka faɗa da baki." Kifin ya suɓuce ya faɗa ruwa ya jiƙa mu duka. Na sauke hannu, na zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Ita ce ta haɗa min shayi. Sai da ta ga na shanye sannan ta jiƙa tawul ta zabga min sau uku a wuya, tana cewa na farko nata ne, na biyu na marigayi, na uku na kifi. Ranar jajibiri kuma ta kawo min guduma in yi aikin da na saba, na kasa ɗaga ta. Ita ta buga. Ga jarumin da ya tsara miki jarrabawa.

Bayan kwana kaɗan takardarki ta iso, mai zafin nan. Kowace kalma a cikinta gaskiya ce, kuma ba wanda ya isa ya gaya min sai ke. Na je wajen likita da ƙafata. Ya yi min tambayoyi, ya ce in riƙe kalma biyar, na dawo masa da uku. Ya ce ba abin tashin hankali ba ne tukuna, amma ni na riga na ga abin tashin hankalin a banɗakina. Na kai lasisina ofishin 'yan sanda na ajiye, bindigar ma tana wajensu a ajiye. Yarinyar da ta karɓa ɗalibata ce a da, ta rasa inda za ta sa idonta. Har yanzu in zan fita sai hannuna ya tafi ƙugu ya dawo, kuma ina jin ciwon abin, ba zan yi miki ƙarya ba.

Na yi kuskure a kanki. Na nemi ki nuna min kin iya bugawa, alhali danna kunama ko yaro ya iya. Hedvika tana soya kifi yau saboda daƙiƙa biyun da na jira. Ke kuwa kin ɗaga guduma sau biyu, da bindiga da aikinki duka a kan sikeli, kika duba kika ga abin da ke gabanki bai yi miki komai ba, kika sauke. Ko za ki iya a gaban mugu, ban sani ba, kamar yadda kika ce. Amma na san ba za ki harbi wanda ya tsayar da ke yana tambayar hanya ba.

Na yarda. Ki yi jarrabawarki, in lasisi ya fito mu je tare a mayar da bindigar sunanki. Sharuɗɗana ga su. Filin harbi kowane wata, ko ana ruwan duwatsu. Akwatin ƙarfe a gida, a ɗaure da bango. Ranar da take jikinki ko ɗigon barasar slivovice ba za ki sha ba, ko da Anežka ta yi kuka. In da hanyar ja da baya, ki ja da baya, in jaka suke so ki ba su. Na ƙarshe kuma ya fi sauran nauyi: ki nemi mutum ɗaya mara kunya irinki wanda zai gaya miki ranar da ya kamata ki ajiye, kuma ki ji maganarsa da wuri fiye da yadda na ji.

Ga hoton Farfesa. Hedvika ta tsaya a kaina har na sa shi.

Kawunki,
Ota

Javorník, 18 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa gare ka da Hedvika, tunda na ji yanzu makullin ya zauna a wajenta gaba ɗaya, kuma miya tana hawa bene kullum da rana. Ban ce komai ba. Ka dai riƙa shan ƙwayoyin da likita ya ba ka a gabanta. Na gode da ranakun Lahadin da ka sha jirgin ƙasa kana zuwa kana yi min tsawa a filin harbi, har yanzu in na ɗauki cokali sai na ga yatsana ya miƙe a gefe.

Na ci jarrabawa, lasisi ya fito, yau mako uku ke nan bindigar tana jikina. Tana da nauyi, ta yi min tabo a ƙugu, kuma ba ta cire min tsoro duka ba, ta dai mayar da shi wanda zan iya tuƙi da shi. Ba wanda ya san tana nan, haka kuma doka ta ce. Ferda ya ƙare min kallo ya ce, "To, kin kawo abar ko ba ki kawo ba?" Na ce ya juya ya sauke wando. Ya ce shi ke nan, ya gane, allurar ce dai har yanzu abin tsoro. Shi na naɗa mara kunyar da ka ce in nema, ya karɓi muƙamin da murna. Kaka Anežka ta mayar da gatari bayan murhu. Takardun Olomouc kuwa da su na kunna mata wuta.

Jiya na biya ta tafkin manomi. Ƙanƙara ta narke, kifaye sun taso suna shan rana. Manomin ya nuna min wani mai tabo a gefe ya rantse nawa ne, wai ya fi kowa ci.

Ka buɗe ƙaramar takardar da ke cikin ambulan a hankali, kada ka yi atishawa. Da nake wanke baho na tsince shi maƙale a bakin magudana, tun Disamba yake nan, da kansa ya faɗi. Ka ce ranar da ɓawo ya iso ka yarda. Ga ɓawonka, Kawu, ya makara da wata huɗu. Mai shi yana raye.

Taka,
Vendulka